Ɗiya Mai Ciwon Sukari a Ƙofar Balaga

Gaisuwa gare ku mutanen Alelu, na Jega da Aliero da Maiyama da ƙauyukan da ke kewaye, ko kuna zaune a zaure, ko kuna gindin murhu, ko kuna fadama wajen ban ruwan albasa da rediyo rataye a reshe.

Mas'alar da na zo da ita yau ta cikin ɗaki ce, irin wadda akan sassauta murya in za a faɗe ta. Amma tun da yake rai ya rataya a kanta, kuma malamanmu sun hore mu da cewa kunya ba ta hana tambaya a sha'anin addini, haka nan bai kamata ta hana ta a sha'anin lafiya ba, to, ina roƙon iyayena mata su matso kusa, iyaye maza kuma kada su tashi. Maganar ita ce ta yarinya mai ciwon sukari, wadda ake yi wa allura kullum, sa'ad da ta kai munzalin balaga ta fara ganin al'ada.

Ga abin da nake so ku riƙe tun daga farko, zan kuwa maimaita shi har ya zauna. Idan sukarin ɗiyarku ya birkice a shekarun balaga, jikinta ne ya sauya. Kada a zarge ta. A ƙidaya kwanaki, a rubuta, a kai wa likita.

Bari mu fara da asalin ciwon, domin wanda bai san mafarin hanya ba, da wuya ya san inda ta nufa. A cikin cikin ɗan Adam, a bayan tumbi, akwai wata gaɓa da likitoci ke kira fankiriyas, wadda Allah cikin hikimarsa ya ɗora wa aikin fitar da wani sinadari mai suna insulin. Shi wannan sinadari kamar mabuɗi yake. Duk tuwo ko fura ko shinkafar da muka ci, jiki yakan mayar da ita sukari a cikin jini, insulin kuma shi ne ke buɗe wa sukarin nan ƙofa ya shiga tsoka ya zama ƙarfi. Ciwon da ya fi kama yara shi ne wanda ake kira nau'i na ɗaya, inda garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙar cuta, takan yi kuskure ta auka wa ƙwayoyin da ke yin insulin ta hallaka su. Daga nan sai sukari ya taru a jini ba shi da mashiga, yarinya ta dinga shan ruwa ba ta ƙoshi, ta dinga fitsari dare da rana, tana ci tana ramewa. Ba shan rake ko alewa ya jawo mata ba. Ba sammu ba ne, ba kambun baka ba, kuma ba a ɗaukarsa a kwano ko a tabarma.

Kafin shekarar 1921, yaron da wannan ciwo ya kama ba ya daɗewa a duniya. A shekarar nan ne, a birnin Toronto na ƙasar Kanada, likita Frederick Banting da ɗalibi Charles Best suka yi aikin da ya kai ga samun insulin, kuma a watan Janairu na 1922 aka fara yi wa mutum allurarsa. Ku lura da wanda aka fara yi wa: yaro ne matashi, sunansa Leonard Thompson, watau shi ma yana tsakiyar shekarun da muke magana a kansu. Tun daga ranar har yau, mai nau'i na ɗaya ba shi da abin da zai maye masa gurbin allurar nan.

To, yanzu mu juya ga balaga, wadda ita ce zuciyar maganarmu. Mu ƙaddara yarinya ce da ciwon ya kama tana 'yar shekara bakwai, innarta ta koyi allura, ta san ƙimar tuwon da za ta zuba mata, shekara da shekaru al'amari yana tafiya daidai gwargwado. Sai ga shi ta kai sha ɗaya ko sha biyu, ta fara miƙewa, ƙirji ya fara tasowa, kwatsam sai na'urar awo ta dinga nuna sukari a sama, musamman da asuba, alhali kuwa allurar ita ce dai ta jiya, tuwon ma shi ne na jiya. A nan ne zato yakan shigo gida. Inna ta ce lalle tana satar ƙosai a hanyar makaranta, Baba ya ce ta fara taurin kai, yarinya ta rantse ba ta ci komai ba, a ƙi gaskata ta.

Iyayena, sau da yawa gaskiya take faɗi. Dalili kuwa shi ne, a shekarun balaga jiki yana fitar da sinadaran girma da na mace ko na namiji da yawa, sinadarin girma kuma ya fi fita cikin dare, su kuma waɗannan sinadarai suna dakushe aikin insulin, ta yadda awon da ya wadatar bara ba zai wadatar bana ba. Wannan abu yana samun kowane matashi, har mai lafiya, sai dai shi mai lafiya fankiriyas ɗinsa yakan ƙara aiki ba tare da ya sani ba, ita kuwa mai ciwon sai an ƙara mata daga waje. Ku manoman Aliero kun fi kowa sanin misalin wannan. Albasa sa'ad da ta fara ɗaura kai, bukatarta ta ruwa da kulawa ba irin ta lokacin da take a bedi ba ce, kuma ban taɓa jin manomin da ya zagi albasa don ta nemi ƙari ba. Yakan duba ta ne ya ba ta abin da lokacinta ya nema. Haka ɗiyarku. Jikinta ne ya sauya. Kada a zarge ta. Amma ƙarin allura ba da ka ake yinsa ba, likita ne ke tsara shi bisa awon da aka kai masa. Abin da na faɗa a nan kuma ya haɗa da ɗa namiji sa'ad da muryarsa ta fara buɗewa.

Sai kuma mu shiga babi na gaba, watau haila. A wajen 'yan mata da yawa masu wannan ciwo, sukari yakan hau a kwanakin da suka gabaci zuwan jini, kamar kwana uku zuwa mako guda, saboda wani sinadari da ke ƙaruwa a jikin mace a wannan zango, ga kuma kwaɗayin zaƙi da kasala da kan zo tare da shi. Sa'an nan da zarar jini ya sauko, sai sukarin ya koma ƙasa, wani lokaci ma ya faɗi fiye da kima idan an ci gaba da ƙarin allurar da aka yi. Amma kowace mace da tata al'ada: wata hawa take gani, wata sauka, wata ba ta ganin canji ko kaɗan, kuma a shekarun farko jinin kansa ba ya tsayawa a kan lokaci guda. Saboda haka babu wata ƙa'ida da za a aro daga ɗiyar maƙwabta. Hanya ɗaya ce, ita ce ƙidaya.

A nan nake so in tuna muku cewa ƙidayar nan ba baƙuwa ba ce a gidajenmu. Duk wadda ta zauna gaban malama ta karanta Ahalari ta san an kasa mata kashi uku a babin haila, mai farawa da wadda ta saba da mai ciki, ta san mai farawa iyakarta kwana goma sha biyar, ta san wadda ta saba takan ƙara kwana uku na jira a kan al'adarta muddin ba ta wuce sha biyar ɗin ba. Wannan hukunci ba ya tsayuwa sai mace ta san kwanakinta. Ashe ke nan shari'a ta riga likita neman ƙidaya. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo na Gwandu, wanda ƙasarmu ke ƙarƙashin tutarsa, ya wallafa littafi mai suna Masalihul Insani, a kan maslahohin ɗan Adam da suka rataya ga addini da kuma jiki, ya haɗa su a wuri guda domin a wurinsa ba su rabu ba. Nana Asma'u kuma ta tura jajoji ƙauyuka suna karantar da mata 'yan taru hukunce-hukuncen tsarki ba tare da noƙewa ba. Mu jikokinsu ba mu da uzurin yin shiru.

To, ga aikin a sauƙaƙe. A sayi littafin rubutu guda, irin na 'yan makaranta. Kowace rana a rubuta awon sukari da lokacin da aka auna da allurar da aka yi, da boko ko da ajami, duk wanda hannu ya fi sabawa. Ranar da jini ya zo a yi alama, ranar da ya ɗauke a yi alama. Idan aka yi haka wata uku ko huɗu, sai al'adar jikinta ta bayyana a takarda kamar sawu a kan rairayi, likita ya duba ya ce ranar kaza a ƙara kaza, ranar kaza a rage. Littafi guda ya yi aiki biyu, ya tsare mata sallarta, ya tsare mata lafiyarta. Idan kuwa jini ya yi jinkirin farawa har ta kai shekara goma sha biyar, ko ya fara ya ɗauke watanni, ko ƙaiƙayin gaba ya dame ta, duk waɗannan suna iya zama alamar sukari ya daɗe a sama, kuma abin faɗa wa likita ne, ba abin ɓoyewa ba. A ƙidaya, a rubuta, a kai wa likita.

Yanzu ku ƙara kasa kunne, domin zan ambaci haɗari biyu, kowannensu kuma yana da rigar da yake ɓuya a ciki. Na farko shi ne hawan sukari mai tsanani, sa'ad da insulin ya yi ƙaranci har jiki ya koma ƙona kitse, wani tsami mai guba da ake kira kiton ya taru a jini. Alamominsa ciwon ciki da amai da ƙishirwa da numfashi mai zurfi da sauri, da wani wari a baki kamar na 'ya'yan itace da suka nuna suka wuce, sa'an nan magagi. Rigar da yake ɓuya a ciki ita ce ciwon mara. Inna ta ga yarinya tana murƙususu a kwanakin al'ada, ta ce ai na mata ne, ta dafa mata kanwa da citta, ta kuma ce tun da ba ta ci abinci ba yau a bar allurar. Wannan shi ne kuskuren da ke kai yara kabari. Mai nau'i na ɗaya ba a tsayar mata da insulin don ba ta ci ba, ko don zazzaɓi ya kama ta, bal ma a lokacin rashin lafiya jiki ya fi bukatarsa. Duk ciwon cikin da ya zo da amai, a auna sukari nan take, in yana sama a nufi asibiti ko da tsakar dare ne.

Haɗari na biyu shi ne faɗuwar sukari, idan awo ya sauka ƙasa da 70 a na'urar da ke ƙidaya da manyan lambobi, ko ƙasa da 4 a mai ƙananan lambobi. Alamominsa gumi da makyarkyata da yunwa da bugun zuciya da sambatu da fushi ba dalili, har faɗuwa da shure-shure. Rigarsa ita ce iska. Budurwa ta faɗi a makaranta ko a bakin rijiya, jama'a su taru a ce mutanen ɓoye ne, a shiga tofi da hayaƙi, alhali cokali uku na sukari a ruwa, ko zuma, ko rabin kwalbar lemo, shi ne abin da zai tashe ta cikin 'yan mintoci. Addu'a alheri ce a kowane hali, amma a yi ta hannu yana miƙa sukari. In kuwa ta riga ta suma, kada a ɗura mata komai a baki don kada ta shaƙe. A kwantar da ita a gefenta, a garzaya asibiti. Saboda haka wajibi ne malamar aji da malamar Islamiyya da mai kula da ɗakin kwanan ɗalibai da aminiyarta guda su san halin da take ciki, kuma kada jakarta ta rabu da ƙullin sukari ko dabino.

Daga nan sai mas'alar azumi, domin balaga ita ce ƙofar taklifi, ranar da ta ga jini ta zama mukallafa. Yarinya tana ɗokin ta yi azumi kamar tsaranta, iyaye kuma suna alfahari da haka. Amma Allah da ya wajabta azumi, shi ne kuma ya yi rangwame ga mara lafiya a cikin Suratul Baƙara, kuma tsare rai yana cikin manyan manufofin shari'a. Likitoci suna lissafa mai nau'i na ɗaya cikin waɗanda azumi ke da haɗari a gare su, balle wadda sukarinta bai daidaita ba. Don haka tun watan Sha'aban a je wa likita ya faɗi halin jikinta, a je wa malami da bayanin likita ya faɗi hukunci. Akwai kuma wata al'ada tamu da nake roƙon a duba. 'Yan mata da yawa, idan suna fashin salla a cikin Ramadan, sukan wuni ba ci ba sha don kada Baba ko yayye maza su gane. Ga mai lafiya wannan wahala ce kawai. Ga wadda ta yi allura da safe kuwa, ganganci ne da rai. Inna, ki kai mata abincinta ɗaki, ki rufa mata asiri, ki tsare ranta.

Iyaye maza, yanzu maganar ta zo kanku. Idan bukatar jiki ta ƙaru, kwalbar insulin da kan yi wata guda za ta ƙare kafin wata, tsinken gwaji ma haka, kuma kowa ya san yadda kuɗin magani ya yi tsada. Kada ka ɗauka ɓarna ake yi, kada kuma ka ce a rage awo don kwalba ta kai ƙarshen wata, domin abin da aka tsimi a kwalba a gadon asibiti ake biyansa ninki. Idan kaka ta yi, aka sayar da albasa ko shinkafa, a ware kason allura tun kafin a shiga wata hidima. Masu hali kuma, 'yan kasuwar Jega da dillalan albasar Aliero, ku sani saya wa ɗiyar talaka insulin sadaka ce da ke raya rai. Wajen ajiya kuwa, zafin bazararmu yana kashe ƙarfin maganin, ƙanƙara ma tana ɓata shi. In akwai firiji a sa shi nesa da wurin ƙanƙara. In babu, a samu tukunya biyu ta ƙasa, ƙarama cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen rairayi, a rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle a inuwa mai iska, irin dabarar da Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har duniya ta karrama shi a shekarar 2000. Sa'an nan ku yi hattara da mai lasifika a kasuwa da ke cewa yana da saiwar da ke raba mutum da allura har abada. Ɗaci ba ya zama insulin. Zogale da wake da kifin gulbi da tuwon dawa gwargwado abinci ne nagari, amma abokan allura ne, ba magadanta ba.

Kada kuma a jira sai ciwo ya tashi kafin a je asibiti. Akwai gwajin jini da ke nuna matsakaicin sukari na wata uku, kuma daga shekarun balaga ne likitoci ke fara duba ido da ƙoda a kai a kai. A fara da babban asibitin garinku, in bukata ta kai a tura ku Birnin Kebbi, Asibitin Tunawa da Sir Yahaya ko asibitin tarayya, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ɗaliban kwalejin kimiyyar lafiya ta Jega da na jami'ar Aliero kuwa, ku 'ya'yan gidajen nan ne, ku kai wannan bayani ɗakunan innoninku da harshen da suke ji.

Abu na ƙarshe shi ne zuciyar yarinyar, wadda na'ura ba ta aunawa. Budurwa ba ta son ta bambanta da tsaranta. Takan gaji da tsira yatsa, takan ji nauyin ɗaga riga ta yi allura a gidan biki, wata ma takan rage allura a ɓoye don gudun ƙiba, ko ta rubuta awon ƙarya don gudun faɗa. Idan duk lambar da ta hau tana jawo tsawa, to, lalle za a koya mata ɓoyewa. Ki tambaye ta da taushi, ki ce ɗiyata me ya faru jiya, ku duba tare. Ki miƙa mata amanar jikinta kaɗan kaɗan, yau ta auna kina kallo, gobe ta yi allura kina kusa, kamar yadda kika koya mata tuƙin tuwo ba ki sakar mata muciya rana ɗaya ba. Kuma ki gaya mata gaskiya mai daɗi, cewa mai ciwon sukari tana karatu, tana aure, tana haihuwa. Sharaɗi dai shi ne a sanar da mai nemanta tun kafin a ɗaura, kada a gina gida a kan ɓoyo, kuma a daidaita sukari tare da likita tun kafin ciki ya shiga, domin makonnin farko su ne ake halittar gaɓoɓin jariri.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya yi halinsa. Inna, in akwai irin wannan ɗiya a ɗakinki, daren nan bayan sallar lisha ki kira ta ki zaunar kusa da ke, ki buɗe maganar da take jin nauyin buɗewa. Baba, gobe in ka fita kasuwa ka sayo littafin rubutu da alƙalami. Ke kuma ɗiyata da kike saurare daga bayan labule, ki sani ba ki yi laifin komai ba, jikinki ne yake girma kamar yadda Mahalicci ya tsara. A ƙidaya kwanaki, a rubuta, a kai wa likita. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuriya cikin imani da ƙoshin lafiya, ya saka wa iyayen da ke tashi tsakar dare suna auna jinin 'ya'yansu. Sai Allah ya sake sada mu.